Gardama a Kan Waƙoƙi Goma na Faifan Exodus

Duk inda masu son waƙoƙin Bob Marley suka haɗu, aka ambaci faifansa mai suna Exodus, ba a tashi sai an yi gardama. Kyan faifan kam ba mai musunsa. Har mujallar Time ta Amurka, a shekara ta 1999, ta ce shi ne faifan waƙa mafi daraja a dukan ƙarni na 20. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne, cikin waƙoƙi 10 da suke ciki, wacce ce gaba da sauran, wacce ce kuma 'yar rakiya da aka sa domin cika wuri.

Na sha jin gardamar nan tun zamanin kaset, a teburin mai shayi da shagon teloli, yanzu kuma ga ta a bakin samari masu jin waƙa ta waya. Abin mamaki, amsar kusan ɗaya ce kullum. In aka ce a faɗi mafi daɗi, sai ka ji Three Little Birds, ko One Love, ko Jamming. Mai taushin zuciya ya ce Waiting in Vain. In kuwa aka ce a faɗi ta baya ga dangi, sai a nuna Guiltiness da The Heathen, a ce nauyi gare su, ba sa motsa jiki, mutum ya danna ya wuce. Da yawa ma ba su san sunayensu ba, sai dai su ce "waɗancan na farkon". Ni a ganina hukuncin nan bai yi wa faifan adalci ba, ina kuwa so in nuna wa mai karatu dalili. Amma sai mun fara da abin da ya sami mawaƙin kafin ya yi faifan, gama in ba a san wannan ba, rabin waƙoƙin za a ji.

Marley mutumin Jamaika ne, an haife shi a 1945. A ƙarshen 1976 ƙasarsu tana shirin zaɓe, gaba ta yi zafi tsakanin jam'iyyar firayim minista Michael Manley da ta Edward Seaga, 'yan bangar siyasa suna ta kashe juna a unguwannin talakawa na birnin Kingston. Marley ya yarda zai yi wasa kyauta domin a kwantar da hankalin jama'a. Amma da aka sa ranar zaɓe kusa da ranar wasan, sai waɗansu suka ɗauka ya zaɓi gefe ke nan. Daren 3 ga Disamba 1976, mutane da bindigogi suka shiga gidansa a lamba 56, Hope Road, suka buɗe wuta. Harsashi ya goge shi a ƙirji ya shige hannunsa. Aka harbi matarsa Rita a kā, manajansa Don Taylor ya ji munanan raunuka. Ba wanda ya mutu. Bayan kwana 2 ya hau dandali da rauninsa ya yi wasan, sa'an nan ya bar ƙasar. A farkon 1977 ya sauka Landan, a can ya ɗauki waƙoƙin nan, kamfanin Island ya fitar da faifan ran 3 ga Yuni 1977. Watau wata 6 ke nan daidai bayan harbin. Mai gudun hijira ne ya yi faifan, ya kuma sa masa sunan littafi na biyu na Musa, wanda muke kira Fitowa.

Faifan garmaho fuska biyu gare shi, haka ma kaset. Waƙoƙi 5 suna fuskar farko: Natural Mystic, So Much Things to Say, Guiltiness, The Heathen, da Exodus. Dukansu maganar shari'a ce, da zalunci, da tashi. Sauran 5 suna fuska ta biyu: Jamming, Waiting in Vain, Turn Your Lights Down Low, Three Little Birds, da One Love. Waɗannan kuwa rawa ce, da ƙauna, da ta'aziyya. Duka duka minti 37 ne. To, duba jerin waɗanda jama'a suke yabo, za ka ga kusan dukansu na fuska ta biyu ne. Ba haka kawai abin ya faru ba. A 1984, shekara 3 bayan rasuwar Marley, aka tara zaɓaɓɓun waƙoƙinsa a faifan da aka kira Legend, wanda ya fi kowane faifan rege ciniki a duniya. An ɗebo waƙa 5 daga Exodus, huɗu daga fuska ta biyu, ɗaya tak daga ta farko, ita ce mai sunan faifan. Waƙoƙi huɗu na farko ba wadda ta shiga. Yawancinmu ta Legend muka fara sanin mutumin nan. Saboda haka sa'ad da saurayi ya bugi ƙirji ya ce ra'ayinsa ne, sau da yawa zaɓin da 'yan kasuwa suka yi masa tun ba a haife shi ba yake maimaitawa. Abin da kunne ya saba da shi, shi yake kira mai daɗi.

Akwai kuma wani dalili. Turancin Jamaika yana da wuyar ji, ko ga wanda ya yi makaranta. Mutanenmu da yawa kiɗan suka so tun ba su san abin da ake faɗa ba, wanda kuwa kiɗa kaɗai yake ji, ba shakka mai sa rawa zai zaɓa. Ban ga laifinsu ba.

Bari mu koma kan waɗanda aka raina. Natural Mystic ce ta buɗe faifan, yadda ta buɗe shi kuwa abin lura ne. Ba ta faɗo gaba ɗaya ba. Da farko sai ka zaci rediyon ne bai da murya, har ka kai hannu za ka ƙara, sa'an nan kiɗan ya yi ta matsowa kaɗan kaɗan kamar hadari daga gabas. Jitar nan mai kaurin murya ta Aston Barrett ita ce take tafe da shi, ƙanensa Carlton yana kan ganguna. Marley bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Yana maganar wahala da mutuwa da za su zo a kan mutane da yawa, da muryar wanda ya riga ya gani, ba ya bukatar ya yi ihu kafin a gaskata shi. Masu sauraro da suka daɗe da faifan sukan sa waƙan nan a sama, ina kuwa tare da su. Ko masu raina fuskar farko, ita kam sukan ɗaga mata ƙafa.

So Much Things to Say ina da 'yar magana a kanta. A ciki ya ambaci Yesu Almasihu da aka gicciye, da Marcus Garvey, da Paul Bogle, dikon na ikilisiyar Baptis wanda Turawan mulki suka rataye a Jamaika a 1865 bayan tawayen Morant Bay. Mutane ne da nasu suka bashe su ko suka juya musu baya, ba wuya kuma a gane abin da yake zuciyar wanda 'yan garinsu suka harba. Amma kiɗan ya yi sauƙi ga irin wannan magana, yana tsalle-tsalle kamar na biki. Waɗansu sun ce da gangan ne, dariya ce yake yi wa masu surutu a kansa. Mai yiwuwa. Ni dai kullum nakan ji kamar an sa wa dattijo rigar yaro.

Sai Guiltiness, watau alhakin laifi, wadda ita ce aka fi jefarwa. A nan ne na rabu da jama'a sarai. Waƙar tana tafiya a hankali, da nauyi, 'yan amshin nan mata uku da ake kira I Threes, watau Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, suna amsawa kamar masu makoki. Ya kwatanta azzalumai da manyan kifaye, ya kuma yi musu kaito. Abin da ya kama ni shi ne bai yi barazanar ramuwa ba. Mutumin da aka shiga gidansa aka harbe shi da matarsa, yana da yara a unguwannin Kingston da za su ɗauki makami dominsa in ya ce, amma abin da ya rera shi ne laifin zai zauna a kan lamirin masu yinsa, abincinsu ba zai yi musu daɗi ba. Wanda ya saba da Zabura zai gane irin wannan murya, ta mutum da aka zalunta ya kai ƙara sama, ya bar hukunci a can. Ba waƙar rawa ba ce, gaskiya ne. Amma a ce da ita mafi rauni don ba a rawa da ita, daidai yake da a ce kunun kanwa ya fi magani amfani don ya fi shi daɗin sha. Ka tuna kuma ɗaya daga cikin matan nan uku da suke amshi ita ce aka ciro wa harsashi daga kai 'yan watanni kafin nan. Ka sake saurara da sanin wannan, ka ga ko za ka danna ka wuce.

The Heathen, da Hausa sai mu ce "arna". Mu da muka tashi muna Kirista a cikin jama'ar Hausa mun san zafin kalman nan, gama an sha jifanmu da ita, mu ma kuma, in za a faɗi gaskiya, mun jefi waɗansu da ita. Marley ya ɗauko ta ne daga tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Turanci, inda take nufin al'ummai masu gāba da jama'ar Allah, ya ɗora ta a kan masu danne talaka, ko wane addini suke da'awa. Gajeriyar waƙa ce, kira ne ga mayaƙan da suka faɗi su miƙe. Kalmominta kaɗan ne, ana ta maimaita su, a nan masu kushe suna da abin kamawa. Abin da ya riƙe ta shi ne jitar Junior Marvin, wanda ya shiga ƙungiyar a Landan a 1977 ɗin nan. Jitarsa tana kuka tana yanka kamar wuƙa, irin ta mawaƙan rok na Ingila da Amurka. Wannan ma ya jawo wata gardama. Akwai tsofaffin masoya da suka fi son zamanin da Peter Tosh da Bunny Wailer suke tare da shi, zamanin faifan Catch a Fire da Burnin' na 1973. Su a wurinsu dukan Exodus ya yi santsi da yawa, an goge shi domin kunnen Turawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mutumin da aka kora zuwa Landan, me zai hana a ji Landan a kiɗansa?

Waƙa ta biyar ita ce Exodus, ita ce kuma a wurina uwar faifan. Ta kusa minti 8, ta fi kowacce tsawo nesa ba kusa ba. Ƙarar da ake kai ta ita ce ta yi tsawo, kiɗan kuma ba ya sākewa, abu ɗaya daga farko har ƙarshe. Haka ne, a kan sauti ɗaya aka gina ta. Amma wanda ya taɓa zuwa gayya ya san makaɗin noma ba ya sauya kiɗa kowane taki, gama aikin ma ba ya sauyawa, kunya ce bayan kunya har rana ta faɗi. Waƙan nan kiɗan tafiya ce, ta taron jama'a masu kaya a kā da yara a baya. Jitar Barrett sawun ƙafa ce, ƙahoni suna shiga suna fita kamar masu shela, murya tana ta kora mutane gaba. In da an gajarta ta zuwa minti 3, da ba tafiya a ciki.

Akwai abin da mai karanta Littafi Mai Tsarki zai lura da shi. Marley ya ambaci Musa da Bahar Maliya, amma ƙasar da yake cewa a fita daga cikinta Babila ce, ba Masar ba. Ya haɗa bauta biyu da ɗaruruwan shekaru suka raba, ya mai da su ɗaya. Ba kuskure ba ne. A bakin 'yan Rastafari, Babila suna ne na dukan tsarin da ya kwashe kakanninsu daga Afirka cikin jiragen bayi, ya kuma ci gaba da danne jikokinsu. Ƙasar alkawari kuwa a wurinsu Habasha ce, suna kuma ɗaukar Sarki Haile Selassie a matsayin da mu ba mu ba kowane ɗan adam. Ban bi su zuwa can ba. Amma ban taɓa jin wanda ya sa labarin Fitowa ya yi motsi a kunne kamar yadda waƙan nan ta yi ba, mu da muke karanta surorin nan wa jama'a shekara shekara kuwa, ya kamata abin ya ɗan ba mu kunya.

To, sai fuska ta biyu. Kada mai karatu ya zaci ina raina ta. Abin da nake cewa shi ne, masu yabonta ma ba su ji ta duka ba. Ɗauki Jamming, wadda ake sa wa a kowane biki. Kiran rawa ce da murna, amma a tsakiyarta ya ambaci harsashi, ya kuma nuna bai tsorata ba. Mutum ne da dalma a hannu, gama likitoci ba su cire harsashin ba, yake cewa a zo a yi rawa. Ko One Love, wadda ta rufe faifan. Tsohuwar waƙarsu ce ta 1965, ya sāke ta, a cikinta kuwa akwai wani sashi na People Get Ready ta Curtis Mayfield, mawaƙin Amurka, shi ya sa sunaye biyu suke a jikin faifan. Kowa ya iya amshinta, har hukumar yawon buɗe ido ta Jamaika ta yi talla da ita. Amma baitocin da suke tsakanin amshin maganar ranar shari'a suke yi, da tambaya ko akwai wurin ɓuya ga wanda ya cuci 'yan adam domin kansa. Ashe Guiltiness ba ta tafi ko'ina ba, tana nan zaune cikin waƙar da aka fi so, an dai rufe ta da amshi mai daɗi.

Three Little Birds, watau ƙananan tsuntsaye uku, ita ce ta fi raba kan mutane. Ita ce zaɓin mafi yawa, har magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Ajax ta ƙasar Holan sun mai da ita tasu. Ita ce kuma waɗanda suke ganin kansu masana suke yi wa dariya, su ce waƙar yara ce, minti 3 na cewa kada a damu. Dukan ɓangarorin biyu ita kaɗai suke ji, tsige daga 'yan'uwanta. In aka ji ta haka, lalle ba ta da nauyi, kamar gaisuwar wanda bai san abin da ya same ka ba. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san bambancin "yi haƙuri" daga bakin mai wucewa, da "yi haƙuri" daga bakin wanda shi ma ya binne nasa. Kalmomin ɗaya ne. Waƙan nan ta tara ce a jere, watau ta takwas bayan Natural Mystic, mai sauraro ya riga ya bi ta cikin kaito da yaƙi da jeji kafin ya iso wurin tsuntsayen. A nan ne take da ƙarfinta. Takan tuna mini da Matiyu sura 6, inda aka nuna wa matalauta tsuntsayen sama, mutanen da suke da dalilin damuwa na gaske.

Waiting in Vain ba ni da abin cewa sai yabo. Waƙar mai jiran amsar mace ce, ba kuka ba fahariya, 'yar jitar da Marvin ya kaɗa a tsakiyarta kuwa ba a ƙara ba a rage.

Saura wacce ce ta baya. Tun da na hana a ba Guiltiness wannan kujera, wajibi ne in faɗi wadda zan ba. Turn Your Lights Down Low ce. Masu rubuta tarihinsa sun danganta ta da Cindy Breakspeare, sarauniyar kyau ta duniya ta 1976, wadda ta haifa masa ɗa alhali yana da aure. Na san waɗansu 'yan'uwa za su so in ce wannan ne dalilina. Ba shi ba ne, gama ana danganta Waiting in Vain ma da ita, ga shi kuwa na yabe ta. Dalilina na kunne ne. Ita kaɗai ce a cikin goman da wani mawaƙi dabam zai iya yi ba a ga bambanci ba. Kiɗan rege ya kusa ɓacewa a cikinta, ta koma irin waƙoƙin soyayya masu laushi da suka cika rediyon Amurka a shekarun nan. Ta kuma zo nan da nan bayan wata waƙar ƙauna da ta fi ta, kamar a ba mutum zuma sa'an nan a bi shi da ruwan sukari. Tana da masoyanta, musamman tun 1999 da aka sāke ta aka haɗa muryar Marley da ta Lauryn Hill. Da yawa cikin masu kāre ta, in ka bincika, wannan sabuwar suke nufi, ba ta faifan ba.

Abu ɗaya ya ɓace da ba a iya komo da shi a waya. A kaset, in Exodus ta ƙare, muryoyin nan suna ta amsa kuwa suna nisa har su shuɗe, sai na'ura ta yi ƙas ta tsaya. Dole wani ya tashi daga tabarma, ya buɗe, ya juya kaset, ya rufe, ya danna. A cikin ɗan lokacin nan ba kiɗa, sai muryar masu hira da kukan tukunyar shayi. Sa'an nan gangar Carlton Barrett ta buɗe Jamming. A waya kuwa, ko ga wanda ya bi jerin yadda yake, daƙiƙa biyu ce tsakaninsu.